Kyaftin Kalilu da Rumbun Ƙarfe

A garin Babban Mutum in ka kira Kalilu babu mai waiwayowa, sai ka ce Kyaftin. Ba wata hukuma ce ta ba shi wannan girma ba, shi ya raɗa wa kansa, ya yi ta nanatawa har sunan ya bi shi. Shekara goma sha biyar da suka wuce ya bar gari neman abinci, ya yi shekara uku, ya dawo da hular soja koɗaɗɗiya da usur guda. Tun daga ranar bakinsa bai huta ba. Shi ne ya tuƙa tankar yaƙi a Laberiya. Shi ne ya haye kogi da ita yana gyangyaɗi. Shi ne ya ci kwana da ita a hannu guda, ɗaya hannun yana ɓare goro.

Mutum ɗaya ce ta san gaskiya, matarsa Ikilima, don da ita aka yi tafiyar. Laberiyar Kalilu ba ta wuce bakin ƙofar wani bariki ba, inda ya kafa tebur yana sayar da shayi, ita kuma tana dafa masa ƙwai. Hular nan wani kofur ne ya manta a kan benci. Ikilima ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Rufin asirin miji ai rufin asirin 'ya'ya ne, ga su har shida.

Ba wannan kaɗai take rufewa ba. A garin nan maigida ne ke shiga rumbu, mace ko leƙawa ba ta yi. To shekara bakwai ke nan tumbin Kalilu ya ƙi wuce bakin rumbunsu. Ikilima ce take ɗaure zani ta hau ta ɗebo gero idan ƙafa ta ɗauke, shi kuma ya tsaya bakin zaure yana gadi yana tari.

Ana nan sai ɓarayin shanu suka addabi ƙasar. Su tsallako daga iyaka, su kore garke, su koma. Dagaci ya tara jama'a ya ce za a kafa 'yan sintiri, a kuma naɗa musu shugaba. Mutum biyu aka ambata: Harisu maharbi, wanda sai ya wuni bai ce uffan ba, da Kyaftin, wanda ya ambaci kansa.

Da labari ya iso gida, Ikilima na tankaɗe, rariya ta suɓuce mata.

“Malam, ɓarayin nan fa bindiga gare su.”

“Bindiga? Ni da na yi matashin kai da igwa?”

“Ka yi matashin kai da buhun sukari dai. Malam, kai da ko kaza za a yanka sai ka ce ana kiranka a waje? In suka harbe ka, wa ka bar wa yaran nan?”

“Ke, rage murya! Bango yana da kunne, kuma Laraba tana da bango.”

Laraba ita ce maƙwabciyarsu, katanga ɗaya ta raba su, kuma duk abin da kunnenta ya ji da safe, kafin azahar ya kai bakin rijiya.

Tun daga ranar Ikilima ta shiga tsaka mai wuya. In ta tona masa asiri, ta kunyata uban 'ya'yanta. In ta yi shiru, a ba shi shugabanci, a tura shi daji, a kawo mata hula da usur. Ta rasa wadda za ta roƙa, sai ta riƙa cewa, “Allah ka zaɓa mana, amma don girmanka kada ka zaɓi Malam.”

Kwana uku da wannan aka yi sanarwa a rediyo cewa an kawo tsofaffin kayan yaƙi daga gidan tarihin soja, za a baje su a wani fili a Daura ranar Lahadi, kowa ya zo ya gani. Har da motar yaƙi mai sulke. Audi mahauci, wanda ya daɗe yana neman inda zai kama Kalilu, ya doki cinya.

“Kyaftin, ga tsohuwar zumarka ta biyo ka har gida!”

Mai hankali sai ya ce ciwon kai yake yi. Kalilu ya miƙe ya busa usur.

“Ranar Lahadi duk garin nan Daura za mu! Zan hau ta a gaban idonku, in zaga fili da ita sau uku. In na gama, in karɓo aronta in kawo ta nan. Ɓarawon da ya ga tanka a ƙofar gidana, ko akuya ya gani sai ya gaishe ta.”

Dagaci ya ce to, shi ma zai je, kuma a can zai yanke hukunci.

Washegari Ikilima tana wanke-wanke ta ji dum, dum, gida na girgiza. Ta fito da gudu ta tarar da maigidan da diga a hannu, ya rushe katangar gaba wajen taku takwas.

“Innalillahi! Malam, me katanga ta yi maka?”

“Gareji nake yi. Tanka ba ta kwana a waje, raɓa tana ɓata mata bindiga.”

Kafin ya rufe baki awakin gidan sun ga hanya, suka fice gaba ɗaya, suka faɗa gidan Laraba suka dira kan shanyar kuɓewarta. Laraba ta leƙo ta saman katanga.

“Kyaftin, sannu da yaƙi! An fara kai hari ke nan? Ga rundunarka nan ta ci garin kuɓewa da yaƙi.”

“Laraba, ki iya bakinki. Ran da tanka ta zo, kada ki roƙe ni in kai ki unguwa.”

“Wa? Ni? Ai ko a jaki ka ɗauke ni sai na bar wasiyya.”

Ranar Lahadi da safe Ikilima ta shiga ɗaki kai masa koko, ta same shi yana ɗamara. Ta tsaya turus. Guru ne a ƙugunsa, kauri kamar damtse, ya zagaye shi har sau biyu, layu sun yi masa reto ta ko'ina.

Abin da ya sa ta tsaya shi ne, lokacin da aka ƙaddamar da Shari'a babu wanda ya kai Kalilu zaƙewa. Shi ya ɗauki kwando ya bi gida gida yana karɓar layu, yana cewa shirka ce. Har layar Harisu ta gado sai da ya tsinke daga wuyansa a gaban masallaci. Ya ce shi da kansa zai kai bayan gari ya ƙone, kada hayaƙin ya taɓa masu raunin imani.

“Malam, ba ka ce ka ƙone su ba?”

“Na ƙone kwandon.”

“Kai, Malam!”

“Ke ba ki san ƙarfe ba. Ƙarfen yaƙi ba a tunkararsa haka siddan. Miƙo min babbar riga.”

Ya zumbula shadda mai sitaci a kai, ya kafa hular kofur, ya rataya usur, ya ɗauki jarkar fetur, wai ko da tanka za ta nemi ƙari a hanya.

Mota biyu aka yi, ta maza daban ta mata daban, yadda zamani ya zo da shi. Ikilima ba mai yawo ba ce, amma ranar ta riga kowa shiga, ta zauna kusa da Laraba tana jan carbi. Motar maza na gaba, Kalilu a tsaye a bayanta, iska ta cika masa riga ya zama kamar tanti, duk ƙauyen da aka wuce sai ya sara musu. Sau biyu hular tana tashi, sau biyu ana tsayawa a tsinto ta. A na biyun direba Amadu ya rantse in ta sake tashi sai dai mai ita ya bi ta.

Suka isa Daura rana ta fara zafi. Fili ya cika, masu ƙosai da masu rake sun kafa kasuwa. An jera kaya an kewaye da igiya, wani tsohon soja mai farin gashin baki, Saje Bature, shi ke yi wa mutane bayani. Kalilu ya ce wa mutanensa ba sa buƙatarsa, su biyo shi.

Abu na farko da suka tarar wani ƙaton ƙarfe ne mai ƙafa biyu da bututu a sama. Kalilu ya dafa shi.

“Wannan igwa ce. Da irinta na rushe gari guda kafin karin kumallo.”

Saje Bature ya matso. “Malam, wannan tukunyar dafa shayin runduna ce. Bututun na hayaƙi ne.”

Kalilu ya sake duban ƙarfen, sai idonsa ya yi haske, ya manta inda yake.

“Kai! Wannan ai za ta ci bokiti shida! Amma famfon ya yi ƙasa da yawa, ganye zai riƙa toshe shi. Sai an ɗaure ganyen a tsumma, kuma kada a zuba citta sai ruwa ya tafasa sau biyu, in ba haka ba...”

Ya ga Audi ya zuba masa ido. Ya yi gyaran murya.

“Haka kukunmu yake faɗa.”

Can gefen mata, Ikilima ta ja mayafi ta rufe fuska. Laraba ta zungure ta. “Lallai kukun nan ya koyar.”

Sai ga ta nan a tsakiyar fili, motar sulke, koriya, tayoyi shida kowace ta kai ƙirjin mutum, ga bindiga ta miƙo daga wani ɗan ɗaki a samanta. Jama'ar Babban Mutum suka yi kabbara. Kalilu bai taɓa zaton girmanta ya kai haka ba. Daidai nan Saje Bature ya ɗauki buta ya tafi alwala.

“Bismilla, Kyaftin,” in ji Audi.

Kalilu ya tsallake igiya. Ya zaga motar yana neman ƙofa irin ta a-kori-kura, bai gani ba. Ya sake zagawa. Ya zaga na uku yana bubbuga taya da ƙafa.

“Kyaftin, wannan na baya ba ƙofa ba ce?”

“But ne, jahili. Nan ake ajiye harsashi.”

“To ta ina ake shiga?”

Kalilu ya ɗaga kai ya hango murfi a buɗe a can sama, baki zagayayye. Ransa ya yi fari.

“Ta sama mana! Tanka ai rumbu ce, ƙarfe kawai aka yi ta da shi. Duk magidancin da ke shiga rumbunsa zai shiga tanka.”

Maza suka gyaɗa kai, maganar ta shige su. Ikilima kuwa carbi ya tsaya mata a hannu. Ita ta san faɗin bakin rumbunsu, ta kuma ga wannan bai kai shi ba.

Da turi da ja aka kai shi sama. Ya tattare riga, ya zura ƙafafu yadda ake yi, ya ɗaga hannu, ya saki jiki. Ƙafa ta wuce. Gwiwa ta wuce. Cinya ta wuce da ƙyar. Da aka zo ƙugu sai aka ji ƙiƙ, kamar an toshe tulu da ɓawon kabewa. Ya laluba da ƙafa ko zai taka wani abu, babu komai sai iska. Ya yunƙura sama, ko motsi.

Kalilu dai Kalilu ne. Ya baza riga ta rufe bakin, ya ƙame, ya sara wa jama'a.

“Haka kwamanda yake tsayawa!”

Fili ya ɗauki tafi. Har mutanen Daura suka matso kallo. Dagaci ya shafa gemu yana murmushi.

“Tayar da ita, Kyaftin!”

“Sai inji ya huce.”

“Ai ba a kunna ba.”

“Audi, kai ka san nama, ni na san tanka.”

Rana ta take tsaka. Ƙarfen ya ɗauki zafi, ya fara gasa shi ta ƙugu kamar tsire. Gumi ya wanke sitacin riga. Can ciki kuma wani ƙadangare da ya mai da motar gida ya ga ƙafafu biyu suna lilo, ya haye ɗaya ya nufi sama ta cikin wando. Kalilu ya fara wata irin rawa daga ƙirji zuwa wuya, ido ya firfito, yana busa usur ba tsari.

“Me ke nan, Kyaftin?”

“Sigina! Sigina nake bayarwa!”

Sai aka kira sallar azahar. Maza suka fara jera sahu a gindin bishiya. Kalilu kuwa shi ne mutumin da ke bin rumfunan kasuwa da tsumagiya yana kora mutane masallaci. Audi ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

“Kyaftin, sauko a yi jam'i.”

“Ku fara, ina tafe.”

“A'a, ba ma fara ba kai. Kai da ka ce mai jinkirin salla ko a bakin rijiya yake ya saki guga?”

Dagaci ya ce, “Kalilu, sauko.”

Kalilu ya dubi dagaci, ya dubi sama, ƙadangare ya ƙara gaba. Sai ya fashe da ihu.

“Ranka ya daɗe, ta kama ni! Wayyo jama'a, ta kama ni!”

Fili ya hargitse. Majiya ƙarfi huɗu suka hau, biyu suka kama hannu, biyu suka kama hammata, aka ja har sai da ya kira sunan uwarsa. Bai motsa ba. Wani ya ce a danna shi ciki, aka danna, ya kira sunan kakarsa. Laraba ta karɓo man gyaɗa wajen mai ƙosai ta miƙa, aka tuttula masa ta wuyan riga. Man ya bi jiki ya sauka kan ƙarfe mai zafi, ƙamshin suya ya tashi.

“Saura yaji,” in ji Audi.

Saje Bature ya dawo da buta a hannu, ya ga mutum ya tsiro a kan motarsa. “Wane ne wannan? Wa ya ba shi izini?” Ba wanda ya saurare shi, kowa na ba da shawara. Wani ya ce a kira mai walda. Amadu direba ya ce a ɗaura masa igiya a ƙirji a ja da mota.

Da Ikilima ta ji an ambaci mota, ta ga an fara warware igiya, ta ga leɓen mijinta ya yi fari, sai duk kunyar shekara goma sha biyu ta zube. Ta keta maza ta tsaya gaban motar.

“Kada ku ja shi, za ku raba shi biyu! Ba tumbi ne kaɗai ya riƙe shi ba, guru ne! Guru ne a ƙugunsa, ninki biyu, sai an yanke ta ƙasa! In an yanke, Malam, ka ɗaga hannun dama, ka sauke kafaɗar hagu, ka fitar da numfashi duka, ka murɗa kamar kana kallon bayanka. Haka ake wuce bakin rumbu!”

Fili ya yi tsit, har ana jin man gyaɗa na ƙara. Sai muryar Laraba.

“Ikilima, ke a ina kika san yadda ake wuce bakin rumbu?”

“Shekara bakwai ni nake shiga namu! Sai me? Ku ceto min uban 'ya'yana!”

Saje Bature ya girgiza kai, ya zaga baya, ya kama abin da Kalilu ya kira but, ya ja. Ƙofa biyu suka wangale, faɗinsu ya isa a shiga da jaki da kayansa. Ya karɓi wuƙar Audi ya shige. Jim kaɗan aka ji ɓas. Kalilu ya ɗaga hannun dama, ya sauke kafaɗar hagu, ya saki numfashi, ya murɗa. Suluf! Ya ɓace. Babbar riga da hula suka rage a sama, kamar an rufe tukunya da faifai.

Ya fito ta ƙofar baya da rarrafe, daga shi sai wando da singileti, yana ƙyalli kamar ƙosai, ƙadangare ya fice ta ƙafar wando ya kama gabansa. Saje na biye da shi, ya ɗago guru sama, layu suna reto.

Harisu maharbi, wanda tun safe bai yi magana ba, ya matso a hankali. Ya duba, ya duba, ya kama wata laya mai jar fata.

“Wannan tawa ce.”

“Ga ta babana!” in ji wani.

“Wannan ta wuyan ɗan maraƙina ce!” in ji Audi. “Kyaftin, har da ta maraƙi?”

Dariya ta ɓarke, wasu har da zama a ƙasa. Saje Bature ya hango jarka a gindin taya, ya tambayi ta mece ce. Aka ce fetur ne, Kyaftin zai tuƙa mota zuwa Babban Mutum.

“Wace motar? Wannan rabonta da inji shekara ashirin. A kan tirela muka kawo ta.” Ya juya ga Kalilu. “Malam, a wace bataliya ka yi aiki?”

Kalilu ya buɗe baki. Ya dubi Ikilima. Ikilima ta dube shi.

“Yallaɓai, ɓangaren shayi.”

Bayan an idar da salla dagaci ya yanke hukunci a nan gindin bishiya. Harisu ne shugaban 'yan sintiri. Layu kuma a kai wa liman, wannan karon a ƙone a gaban kowa. Kalilu kuwa, tun da an ga inda ya ƙware, shi zai riƙa dafa wa 'yan sintiri shayi in sun dawo, kuma ko bayan gari kada ya bi su.

A motar mata, kan hanyar komawa, Laraba ta dafa Ikilima za ta ba ta haƙuri, sai ta ga kafaɗunta na rawa. Ta ɗaga mayafin. Dariya take yi, hawaye na zuba, har da shessheƙa. Can sai ta rangaɗa guɗa, direba ya kusa sakin hanya.

Kwana biyu Kalilu bai fita ba. A na uku ya fito da tebur ya kafa shi daidai inda ya rushe katanga, faɗin ya zo cif kamar an auna. Shayin kuwa, ko Audi ya yarda babu irinsa daga nan har Baure. Ba a yi mako ba Ikilima tana tsakar gida ta jiyo muryarsa yana sheƙa shayi daga kofi zuwa kofi.

“Ku ba ku san tanka ba. Gane ni ta yi! Shekara goma sha biyu ba ta gan ni ba, ina shiga ta rungume ni. Ƙarti huɗu suka kasa raba mu!”

Ikilima ta ɗaure zani, ta jingina tsani a jikin rumbu da rana tsaka, ba gadi ba tari. Ta taka mataki biyu, ta leƙa ta saman katanga.

“Laraba, kin ji ko? Allah ya saka wa tankar nan da alheri. Ni shekara goma sha biyu ina ƙoƙarin riƙe shi, ita wuni ɗaya ta yi ta gama.”